Gabas Tana Da Faɗi: Raddi Ga Mai Cewa Iyayenmu Sun Kauce Wa Alƙibla

 

Wata muƙala ta shigo hannuna wadda wani ɗan'uwa ya rubuta, tana yawo tsakanin ɗalibai da 'yan kwamitocin masallatai a Gusau, har an kai ta Tsafe da Bungudu. Ba zan kama sunansa ba, domin da maganar nake jayayya. Abin da ya gina rubutunsa a kai abu biyar ne. Ya ce kalmar gabas ma'anarta ɗaya tak, wato digiri 90 a kan kamfas, don haka kiran alƙibla gabas kuskure ne. Ya ce duban rana ba ya shiryar da kowa. Ya ce tsofaffin masallatanmu sun kauce, sallolin da aka yi a cikinsu akwai magana. Ya ce Bahaushe bai san jihohi ba sai da baƙi suka koya masa. Ya rufe da cewa a jefar da kalmar, a riƙa cewa arewa maso gabas, a dogara ga waya.

Adalci ya sa in fara da abin da ya faɗa daidai. Gusau tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Makka kuma tana wajen digiri 21. Idan aka yi lissafi, alƙiblar Gusau tana faɗawa kusan digiri 69 daga arewa, wato ta karkata hagu daga tsakiyar gabas da kusan digiri 21. Ta Kano wajen 68 ce, ta Sakkwato wajen 71. A nan ba mu da saɓani da Malam mai muƙalar. Saɓanin yana cikin abin da ya ɗora a kan wannan lissafi.

Da'awa ta farko: wai gabas ma'anarta ɗaya

Malam ya ɗauko ma'anar da ya gani a littafin labarin ƙasa, ya ce ita kaɗai ce. Amma ma'anar kalma a bakin masu ita ake neman ta. To, mu saurari masu ita.

Duba takardar cinikin gona ko fili da ake rubutawa a gaban mai unguwa. Za ka ga an ce daga gabas ta yi iyaka da gonar wane, daga yamma da burtali, daga kudu da rafi, daga arewa da gonar magada. Babu wanda ya taɓa zuwa gaban alƙali ya ce a warware ciniki don maƙwabcin gabas bai tsaya a digiri 90 cif ba. Gona kusurwa huɗu gare ta, duniya ma an raba ta huɗu, kowace jiha ta ɗauki rubu'i.

Duba hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Tsafe da Kwatarkwashi ta shigo Gusau, ta wuce Bungudu da Maru da Talatar Mafara zuwa Sakkwato. A taswira Tsafe tana kudu maso gabas da Gusau, Bungudu tana arewa maso yamma. Amma mutumin Gusau zai ce maka Tsafe gabas take, Bungudu yamma, kuma babu direban da ya taɓa ɓata saboda haka.

Idan aka ce yaro ya tafi gabas karatu, kowa ya san Barno ake nufi, inda alarammomi suke. Idan tsoho ya ce kakansa ya yi gabas bai dawo ba, hanyar Hajji ta ƙasa yake nufi, ta Barno da Cadi da Darfur har bakin Bahar Maliya. Wannan hanya ce jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka kama a 1903. Shi ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran mutane har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a bakin kogin Nilu har yau. Idan kuwa aka ce wane ba ya kallon gabas, an gama faɗa maka ba ya salla, ko da ƙofar ɗakinsa mafitar rana take duba. Mahauci yana kwantar da rago ya fuskantar da shi gabas. Masu haƙar kabari suna jan ramin kudu da arewa, a kwantar da mamaci a kan hannunsa na dama, kai kudu, fuska gabas. Gidajen rediyo kuma kullum suna kawo labarin Gabas ta Tsakiya.

Ashe kalmar tana ɗaukar mafitar rana, tana ɗaukar jiha mai faɗi, tana ɗaukar ƙasashen da ke can, tana kuma ɗaukar alƙibla, kuma mai sauraro ba ya rikicewa. Baƙo ya sauka a wani gida a Tudun Wada, an kawo masa buta da tabarma, ya gama alwala ya ce, "Ina ne gabas ɗinku?" Mai gida ba zai nuna masa inda rana ta fito da safe ba. Zai juya tabarmar zuwa bangon da gidan ke salla, sau da yawa ma ya ƙara da cewa, "Ka ɗan karkata hagu." A wannan 'yar jimla akwai digiri 21 ɗin da Malam yake ganin shi ya gano su.

Idan aka raba da'ira gida huɗu, gabas ta kama daga digiri 45 zuwa 135. Digiri 90 tsakiyarta ce kawai. Sittin da tara kuwa tana cikin wannan fili, ko kusa da gefe ba ta kai ba.

Da'awa ta biyu: wai rana ba ta shiryarwa

Hujjar Malam ita ce mafitar rana tana canzawa. Gaskiya ne tana canzawa, kuma duk manomin da ke kallon ketowar alfijir daga bakin gonarsa ya san haka. Abin tambaya shi ne, da ƙa'ida take canzawa ko da ka? Da ƙa'ida ne, ƙa'idar da ba ta taɓa saɓawa ba.

A Gusau, wajejen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, rana tana fitowa a tsakiyar gabas. Daga Maris sai ta riƙa matsawa arewa har ta kai kusan digiri 66 a wajejen 21 ga Yuni, sannan ta juyo. Daga Satumba ta riƙa matsawa kudu har ta kai kusan digiri 114 a wajejen 21 ga Disamba. To, alƙiblar Gusau 69 ce. Ma'ana, tana cikin filin da rana ke kai da kawowa. Wajejen 21 ga Mayu da wajejen 23 ga Yuli rana tana fitowa daidai saitin Ka'aba, kuma duk tsawon wata biyun da ke tsakaninsu ba ta nisantar alƙibla fiye da digiri uku. Wanda ya fuskanci mafitar rana a farkon damina ya fi masu waya da yawa dacewa.

Inda haɗarin yake shi ne hunturu. Wanda ya ɗauki mafitar ranar Disamba ya ce ita ce alƙibla ya kauce da digiri 45, kuma wannan karkata ce babba. Da Malam ya tsaya a nan ya yi gargaɗi, da mun ce Allah ya saka masa. Amma maganin wannan a koya wa mutane tafiyar rana ne. Hana su duban ta ba zai ƙara musu sani ba.

Rana ma ita ce ma'aunin alƙibla mafi inganci da talaka zai iya samu kyauta. Sau biyu a shekara takan tsaya daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogon Nijeriya ƙarfe 10:18 da 10:27 na safe ke nan. A wannan minti, duk inda ake ganin rana, saitinta shi ne saitin Ka'aba. Sami fili mai baje. Kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, ka rataya igiya da ɗan dutse a gefenta don ka tabbatar ta miƙe. Idan lokacin ya yi, inuwar za ta kwanta wajen santimita 65 zuwa yamma maso kudu. Buga turke a ƙarshen inuwar, ka ja igiya daga turken zuwa gindin sandar ka wuce da ita gaba. Wannan layi shi ne alƙibla. Idan hadari ya rufe, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ma ya wadatar. Ta yaya abin da masana taurari suke gwada kamfas da shi zai zama ba ya shiryarwa?

Da'awa ta uku: wai sallolin iyayenmu akwai magana

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin ta fita daga harshe ta shiga hukunci. Garin Gusau ya kafu a farkon ƙarni na 19 a hannun Malam Muhammadu Sambo Ɗan Ashafa, malami ne daga cikin mutanen Shehu Usmanu, kuma ƙasar 'Yandoto da ke maƙwabtaka da shi ta yi suna da karatu tun kafin jihadi. Kafin mutum ya ce waɗannan mutane da zuriyarsu sun yi shekara ɗari biyu suna salla a karkace, sai ya fara buɗe littattafan da suka karanta.

Malaman Malikiyya sun rarrabe tsakanin wanda yake Makka da wanda yake nesa. Na Makka mai iya ganin Ka'aba, wajibinsa ya fuskanci ginin kansa. Na nesa kuwa, zance mafi rinjaye shi ne jihar ake nema daga gare shi, gwargwadon ƙoƙarinsa. Aya ta 144 ta Suratul Baƙara, wadda ta juyar da alƙibla, sashen Masallaci Mai Alfarma ta ambata. Hadisin Abu Huraira da Tirmizi ya ruwaito ya ba mutanen Madina, waɗanda alƙiblarsu kudu take, duk faɗin da ke tsakanin mafitar rana da mafaɗarta. Shi ya sa malamai da dama suka ƙiyasta jiha da rubu'in da'ira, digiri 45 ta dama, 45 ta hagu.

Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya fayyace hukuncin wanda ya yi ƙoƙari ya kuskure. Idan yana cikin salla ya gane karkatarsa kaɗan ce, sai ya gyara tsayuwa ya ci gaba. Idan karkatar mai yawa ce kuma yana gani, sai ya yanke ya sake. Idan bayan sallama ya gane, sai ya sake muddin lokaci bai fita ba. Babu inda aka ce ya rama sallolin shekaru. Littafin ya kuma halatta bin mihirabin babban gari, domin idanun malamai da yawa sun wuce ta kansa.

Tarihi ma ya goyi bayan haka. An juyar da alƙibla wata 16 ko 17 bayan hijira. Labari bai isa Ƙuba ba sai da mutane suna tsakiyar sallar asuba suna fuskantar Sham. Suka juya a cikin sallar suka kammala, ba a ce su sake ba, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim daga Ibn Umar. Masallacin Ƙurɗuba na Andalus da masallacin Ƙarawiyyin na Fas, wanda aka kafa a 859, dukansu sun karkata kudu fiye da abin da lissafin yau ya nuna, karkatar da ta fi digiri 21 nesa ba kusa ba. Manyan malaman Malikiyya sun yi ƙarnoni suna salla a cikinsu.

Mu ƙaddara ma akwai masallacin da ya fuskanci digiri 90 cif a Gusau. Karkatarsa 21 ce, ba ta kai rabin abin da aka yi rangwame a kai ba. Sannan Malam bai kawo awon masallaci ko ɗaya ba. Ya ji ana cewa gabas, ya fassara ta da 90, ya yanke wa gine-gine hukunci daga kan kujerarsa. Mai da'awa shi ke kawo hujja.

Ga kuma abin da zai sanyaya masa gwiwa. Tsakanin Gusau da Makka wajen kilomita 3,700 ne. A wannan nisa, kuskuren digiri ɗaya yana kautar da mutum daga Ka'aba da kusan kilomita 60, abin da ya fi nisan Gusau zuwa Tsafe. Idan sai an saiti ginin Ka'aba kansa salla take inganta, to ta Malam ma ba ta tsira ba. Tsofaffin malamai sun daɗe da kafa hujja da dogon sahu: sahun Idi ya ninka faɗin Ka'aba sau da yawa, yana miƙe sambal, kuma babu mai cewa sallar na gefe ta ɓaci.

Da'awa ta huɗu: wai Bahaushe aron jihohi ya yi

Kalmar aro tana zuwa da alamarta. Alƙibla aro ce daga Larabci, magariba aro ce, asuba da azahar da la'asar duk aro ne, kunne yana ji. Amma Larabawa mashriƙ da magrib da shamal da janub suke cewa. Mu kuwa gabas, yamma, kudu, arewa muke cewa, a wasu sassan yammacin ƙasar Hausa da Nijar a ce gusum maimakon kudu. Wace ce a cikinsu ta yi kama da Larabci ko Turanci?

Zai iya cewa ai ana jin gaba a cikin gabas, don haka salla ce ta haifar da kalmar, tunda can Musulmi ke sa gaba. Wannan bai zama dole ba. Al'ummomi da yawa sun ɗauki mafitar rana a matsayin gaba tun kafin Musulunci. A Ibrananci kalma ɗaya ce take nufin gaba da gabas. Larabawa kansu sunan Yaman daga hannun dama ya fito, arewa kuma suka ba ta suna ɗaya da hagu, abin da ba ya daidaita sai mutum ya fuskanci mafitar rana. Namu tsarin ma da rana aka auna shi: yamma suna ne na jiha, suna ne kuma na lokacin da rana ke komawa can. Maguzawa, waɗanda ba sa salla, da waɗannan kalmomi suke kwatance.

Sarautunmu da garuruwanmu shaida ne. Akwai Sarkin Gabas da Sarkin Yamma da Sarkin Arewa a masarautu daban-daban, a nan Zamfara ga Sarkin Kudun Ɗansadau. Ga Birnin Kudu, ga Dawakin Kudu, ga Gabasawa, ga ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi. Fataken da suka yi ƙarnoni suna zuwa Gwanja sayen goro, da Buzayen da ke kawo gishiri daga Bilma suna haɗuwa da su a kasuwanninmu, babu mai kamfas a aljihu. Jirgin ƙasa bai iso Gusau ya wuce Ƙauran Namoda ba sai ƙarshen shekarun 1920, alhali hanyoyin fatauci sun girme shi da ƙarnoni.

Da me suke gane hanya? Da rana da inuwa. Da Gamzaki mai fitowa gabas kafin asuba, da Zara da ke bayyana yamma bayan magariba, da Kaza da 'ya'yanta. Tauraron arewa a Gusau digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, hazon hunturu yakan rufe shi, don haka aka haɗa da wasu alamu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina suka fi kula da yaɓen bangon gabas, domin shi ruwa ke duka. Mutum yana iya shiga ƙauyen da bai sani ba ya dubi bangon da ya fi zaizayewa ya san inda ya dosa. In duk ya rasa, matambayi ba ya ɓata.

Da'awa ta biyar: wai a ce arewa maso gabas, a bi waya

A nan lissafin Malam ya juyo kansa. Arewa maso gabas a kan kamfas digiri 45 ce. Daga 69 zuwa 45 akwai 24. Daga 69 zuwa 90 akwai 21. Ashe kalmar da ya kawo don gyara ta fi wadda yake son korewa nisa da alƙibla. Idan aka ce wa talaka ya fuskanci arewa maso gabas, zai raba tsakanin arewa da gabas ya tsaya, ya kauce fiye da da. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Game da waya, ba ma ƙin ta. Lissafin alƙibla gadon Musulmi ne, Albiruni ya rubuta littafi a 1025 yana fitar da alƙiblar Gazna da lissafi, kuma manhajar waya a kan irin wannan ilmi take tafiya. Lissafinta daidai ne. Rauninta yana wajen kamfas ɗin da ke cikinta, wanda da maganaɗisun ƙasa yake aiki, kuma ƙarfe yana ruɗa shi. Shiga masallaci mai rodi a cikin ginshiƙai da kwano a sama da lasifika a gefen mihirabi, ka sa mutum uku su ajiye wayoyinsu a kan darduma ɗaya, ka ga yadda kibau uku za su nuna wuri uku. Wanda zai yi awo da waya ya fita fili, nesa da mota da injin wuta, ya maimaita, ya gwada da inuwa ko da taswirar tauraron ɗan'adam. Wanda ya ga kibiyar waya ta karkata ya tashi ya karkatar da sahun jama'a ana shirin tayar da iƙama, fitina ya tayar.

Abu ɗaya za a ba Malam a nan. Gabas tana zama alƙibla ne ga mutanen wannan yanki. A Madina alƙibla kudu ce, a Indonesiya yamma ce maso arewa, Hausawan Mai Wurno kuma tasu ta fi kusa da arewa maso gabas. Ya kamata a koya wa yara da maniyyata wannan. Hausa kuwa ba ta gaza ba, tana da kalmomin biyu a hannu: alƙibla don hukunci a ko'ina, gabas don zancen gida.

Abin da ya kamata a yi

Duk kwamitin da zai gina sabon masallaci a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ya auna kafin a haƙa tushe, ya nemi digiri 69 daga arewa, ya tabbatar da inuwar ƙarshen Mayu ko tsakiyar Yuli. Wanda Allah ya ba ikon dacewa sosai bai kamata ya wadatu da kusa ba. Tsohon masallaci idan an auna an ga karkatar kaɗan ce, a bar shi yadda yake. Idan mai yawa ce, a kai maganar gaban liman da malaman gari, a gyara layin sahu ba tare da hayaniya ba, kuma kada a ce wa kowa sallarsa ta baya ta ɓaci. Makarantun Islamiyya su sa tafiyar rana a cikin darasin alƙibla, yaro ya san bambancin mafitar ranar damina da ta hunturu.

Shi kuwa ɗan'uwanmu, muna roƙonsa ya riƙe lissafinsa, yana da amfani, ya janye hukuncin da ya yanke wa harshe da magabata, domin bai karanta fiƙihun mas'alar ba kuma bai saurari masu harshen ba. Idan yana da awon wani masallaci da ya wuce iyakar jiha, ya kawo, za mu je tare da sanda da igiya mu gani. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta. Allah ne Mafi sani.